SUNAN 'YA MACE AMANA CE A WUYAN UBA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa mutum yakan kwana bakwai yana cinikin ragon suna da goro, amma sunan da za a raɗa wa jaririyar sai da asubar ranar ya tuna da shi. Alhali nama kwana kaɗan zai yi ya ƙare, suna kuwa da shi za ta shiga makaranta, da shi za a ɗaura mata aure, da shi za a yi mata addu'a bayan ranta.

A mazhabar Imamu Malik dabba ɗaya ake yanka wa abin haihuwa ranar bakwai, namiji ne ko mace. Haka haƙƙin kyakkyawan suna yake, ba a rage wa mace kome ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Sayyidina Umar yana da 'ya mai suna Asiya, da harafin aini da sadi, ma'anarsa mai saɓo, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya mayar da shi Jamila, watau kyakkyawa. Wannan dabam yake da Asiya matar Fir'auna, wadda sunanta da alifi da sini ne. Haka kuma ya sauya sunan Barratu zuwa Zainabu, don kada suna ya zama yabon kai.

Yawancin sunayen matanmu daga gidan Annabta suka fito, harshen Hausa ya lanƙwasa su. Khadija ita ce Hadiza da Dije, a Larabci kuwa ma'anarsa wadda aka haifa watanninta ba su cika ba, watau bakwaini. Darajarsa ta zo ne daga Uwar Muminai, wadda ta riga kowa ba da gaskiya, kuma 'yar kasuwa ce mai aika fatake Sham da dukiyarta. A'isha, wadda muke kira A'i ko Shatu ko Indo, ma'anarsa rayayya, fatan tsawon rai ke nan. Fatima daga kalmar yaye ya samo asali, Binta kuwa daga “bintu” ne, watau 'ya, domin ita ce 'yar Manzon Allah. Zainabu, wadda ake yi wa laƙabi da Abu, sunan wata itaciya ce mai ƙamshi. Maryamu, Mairo ke nan, asalinsa ba Larabci ba ne, daga Bani Isra'ila ya zo, kuma ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, har sura ta 19 ake kira da shi.

Magabatanmu sun san wannan. Sa'ad da aka haifa wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tagwaye wajen shekarar 1793, namijin aka sa masa Hassan, macen kuwa ba a bi al'adar tagwaye ba, aka sa mata Asma'u, takwarar 'yar Sayyidina Abubakar. Ita ce Nana Asma'u da ta tashi malama mai karantar da mata har ta rasu.

Ban da sunan yanka akwai na gargajiya, waɗanda ba su saɓa wa addini ba. Ladi da Talatu da Lami da Jummai da Asabe ranar haihuwa suke nunawa. Azumi a watan Ramalana ta zo, Kande kuwa bayan 'ya'ya maza. In an yi wa kaka takwara, kunya takan hana iyaye kama sunan, sai a ce Uwani ko Ummi.

To, a nan akwai jan kunne biyu. Na farko, wasu sukan buɗe Alƙur'ani su tsinci kalma don daɗin ta a kunne, ba su tambayi ma'ana ba. Salsabil idon ruwa ne a Aljanna, amma Hawiya ma tana cikin Alƙur'ani, ita kuwa sunan Wuta ce. Tambayar malami ba ta cin ko kwabo. Na biyu, ga ma'aikata da 'yan kasuwa musamman: a rubuta sunan yanka a takardar haihuwa, a riƙe shi a ko'ina. Wadda take Binta a takardar makaranta, Fatima a fasfo, ita za ta sha zirga-zirgar ofisoshi ranar neman aiki ko tafiya aikin Hajji.

Sa'an nan idan yarinya ta yi wayo, uba ya zaunar da ita ya ba ta labarin mai sunan, domin ta san wadda za ta yi koyi da ita.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa su yi halin masu sunayensu, amin. Wassalamu alaikum.