Likitan dabbobi: daga ina ake fara hanya?

A Amurka, mai son zama likitan dabbobi yakan fara yin digiri na shekara 4, galibi a fannin kimiyyar halittu, kafin ya nemi makarantar likitancin dabbobi. A Najeriya ba haka ba ne. Ɗalibi yana shiga kai tsaye ta jarrabawar JAMB, ya yi shekara 6 ya fito da digirin DVM, sannan Majalisar Likitocin Dabbobi ta Ƙasa ta yi masa rajista.

Saboda haka zaɓin da ya fi muhimmanci tun a SS1 ake yin sa. Yaron da bai shiga ajin kimiyya ba ya riga ya rufe wa kansa ƙofa, domin ana neman kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Iyaye da yawa ba sa farga sai lokacin cike fom.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Bayero ta nan Kano duk suna da tsangayar. Aiki kuwa ga shi a cikin birni: dawakin hawan sallah, masu kiwon kaji da mayankar Ƙofar Mazugal. Iyaye, a bi diddigin ajin da yaro ya zaɓa.