Shin Ko Kun San? Masu Bin Sawun Cutar Shan Inna

Shin ko kun san cewa a cikin mutum 200 da ƙwayar cutar shan inna ta shiga jikinsu, kusan ɗaya ne kawai yake samun shanyewar da ba ta warkewa? Yawancin sauran ko zazzaɓi ba sa yi, amma suna ta fitar da ƙwayar a bahayarsu har tsawon makonni. Don haka idan ƙafar yaro guda ta saki a unguwa mai cunkoso irin Kpakungu, da ke bakin hanyar Minna zuwa Bida, ma'aikatan lafiya ba sa ɗaukar abin da wasa, domin in cutar ce, to wasu da yawa na ɗauke da ita a ɓoye.

Shin ko kun san cewa duk yaron da bai kai shekara 15 ba, wanda hannu ko ƙafarsa ta yi laƙwas farat ɗaya ba tare da ya faɗi ko ya ji rauni ba, dole ne a kai rahotonsa? Ba sai an tabbatar shan inna ce ba. Kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774 na Najeriya tana da jami'in sa ido kan cututtuka, har da 25 na Jihar Neja, ciki da Chanchaga da Bosso da suka raba birnin Minna.

Shin ko kun san cewa sau da yawa ba likita ne yake fara ganin irin wannan yaro ba? Iyaye kan fara zuwa wurin mai ɗori, ko mai maganin gargajiya, ko malamin tsibbu, ko mai kemis. Shi ya sa ake horar da waɗannan mutane, tare da ungozomomi da masu unguwanni, su zama idon hukuma. A wasu yankunan ma an ba su wayoyi masu manhajar AVADAR don aika rahoto nan take.

Shin ko kun san cewa wannan aiki tsere ne da lokaci? Ana ɗibar bahayar yaron sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara shanyewar. Ana saka samfurin cikin akwatin ƙanƙara, kuma so ake ya isa ɗakin gwaji cikin kwana 3, domin zafi na kashe ƙwayar, sakamako ya fito ba daidai ba. Ibadan da Maiduguri ne ke da ɗakunan gwajin shan inna na ƙasa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su. Idan samfurin ya makara ko ya lalace, bayan kwana 60 a koma a sake duba yaron.

Shin ko kun san cewa shiru shi ne abin da masu wannan aiki suka fi tsoro? Akwai wasu cututtuka da ke shanye gaɓoɓi, don haka ma'aunin da ake bi a ƙasashen da ke fama da cutar shi ne a gano aƙalla yara 2 cikin kowane 100,000 a shekara masu shanyewar da ba ta shan inna ba. Ƙaramar hukumar da ba ta kawo ko ɗaya ba, ba yaba mata ake yi ba, bincikarta ake yi. Hatta asibitin da bai ga kowa ba, sai ya rubuta sifiri ya aika.

Shin ko kun san cewa ruwan kwata ma yana ba da shaida? A 2011 aka fara ɗibar ruwan manyan magudanai a Kano ana gwadawa, daga baya aikin ya bazu zuwa sauran jihohi. Ta wannan hanya aka gano wani nau'in ƙwayar a Landan da New York a 2022.

Shin ko kun san cewa Najeriya ta taɓa yin shekara biyu cur ba a ga asalin ƙwayar cutar ba, sai kwatsam ta ɓulla a Borno a watan Agustan 2016? Binciken ƙwayar halittarta ya nuna tun wajen 2011 take yawo a yankunan da rikici ya hana ma'aikata shiga.

Shin ko kun san cewa ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar shan inna? A 1988, lokacin da aka ƙaddamar da yaƙi da ita, tana shanye kimanin yara 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Yanzu ta maƙale a Pakistan da Afghanistan, amma a 2022 an kama ta a Malawi, kuma gwaji ya nuna daga Pakistan ta samo asali.

Shin ko kun san cewa har yanzu da sauran rina a kaba? Akwai nau'in da ke rikiɗa daga ƙwayar allurar ɗigo idan ta daɗe tana zagaye a inda yara da yawa ba su yi rigakafi ba. Najeriya ce ta fara amfani da sabuwar allurar da aka ƙera dominsa, a watan Maris na 2021.

Shin ko kun san cewa masu yaƙi da shan inna na cikin waɗanda suka daƙile Ebola? Da cutar ta shigo Legas a watan Yulin 2014, su aka kwasa don bin sawun masu ɗauke da ita, ƙarƙashin Dokta Faisal Shuaib. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba aka ce an gama. Waɗannan jami'ai ne dai ke farautar ƙyanda, sanƙarau, shawara, kwalara da zazzaɓin Lassa.

Shin ko kun san cewa gwajin kyauta ne? Idan ƙafar yaro ta saki a gidanku ko a maƙwabta, ku sanar da asibiti mafi kusa ko mai unguwa a ranar, kada kwana 14 ɗin su ƙare a wurin ɗori.