Garambawul ga Tsofaffin Motocin Rimot Masu Manyan Tayoyi

A tsakiyar shekarun 1970 wani Ba'amurke mai suna Bob Chandler, mazaunin yankin St. Louis a jihar Misuri, ya shiga ɗaga akori-kurarsa ƙirar Ford F-250 yana ƙara mata girman taya, don ta riƙa yi wa shagonsa na kayan mota talla. Ya raɗa mata suna Bigfoot. A 1981 aka ɗauke ta a bidiyo tana hawa kan wasu matattun motoci biyu tana murƙushe su, kuma kafin ka ce kwabo filayen wasanni na Amurka sun fara cika da masu zuwa kallon irin wannan ɓarna. Tayoyin da daga baya suka zama alamar waɗannan dodannin motoci tsayinsu inci 66 ne, wato kusan tsayin mutum, asalinsu kuwa na injunan gona ne. Yaran da suka ga wannan a talabijin sun so su mallaki tasu, kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan kuma ya amsa musu da ƙananan motocin rimot. A 1986 ya fitar da Blackfoot da Monster Beetle, a 1987 ya biyo da Lunch Box da Midnight Pumpkin da kuma Clod Buster, wadda ta fi su duka girma: injin lantarki biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, tayoyi huɗun duk suna ja, duk suna karkata idan an juya sitiyari. A warwatse ake sayar da su cikin kwali, da ɗan littafin zane, mai saye ya zauna ya haɗa abarsa da hannunsa.

Waɗancan yara yau sun ba shekara arba'in ko hamsin baya, su ne kuma ke bin kasuwannin gwanjo da shafin eBay suna farautar motocin ƙuruciyarsu. Da zarar mota ta shigo hannu sai ra'ayi ya rabu biyu. Wasu su wanke ta, su sake mata fenti, su ɗora ta a kanta cikin gilashi, ba za ta sake taɓa ƙasa ba. Wasu kuwa su gyara ta su fita da ita fili. Hujja ta fi ƙarfi a wajen na biyun, amma da sharaɗin da da yawa daga cikinsu ba sa kiyayewa.

Abin da ya sa ake tuna waɗannan motoci yana cikin tafiyarsu ne. Lunch Box guntuwa ce, doguwa a tsaye, nauyinta ya koma baya, don haka da an ba ta wuta take ɗaga tayoyin gaba sama, har sai da aka maƙala mata ɗan abin tokare a baya don kada ta kife. Shokozobanta na asali sifirin ne kawai ba mai a ciki, shi ya sa take tsalle-tsalle ko a kan shimfiɗaɗɗen siminti. Clod Buster kuma tafiyar ƙasaita take yi, tana rangaji a kan tayoyin da tsayinsu ya kai milimita 165, kwanarta da faɗi, sitiyarinta da sako-sako. A ma'aunin injiniya waɗannan duk aibi ne. Amma su ne halin motar, kuma babu ɗayansu da ake gani ta cikin gilashi. Motar da aka ƙawata aka hana ta motsi kamar doki ne da aka yi wa kayan hawan sallah aka bar shi a turke. Sannan ajiyar ma ba ta kare ta yadda ake zato. Tayar roba tana bushewa ta tsattsage ko an hau ta ko ba a hau ba, kuma idan nauyin mota ya daɗe a wuri ɗaya sai gefen da ke ƙasa ya baje. Giris yana daskarewa a akwatin giya. Farin bodi yana komawa ruwan ɗorawa idan haske na dukansa. Mafi muni, tsohon batir da aka manta a ciki yakan yi yoyo ya cinye wayoyi. Motar da ake fita da ita lokaci-lokaci ana kwance ta ana dubawa, don haka ake gano irin wannan ɓarna da wuri.

Shi kansa garambawul ɗin aikin haƙuri ne, kuma yawancin ɓarnar da ake yi wa tsofaffin motocin nan a teburin gyara ake yin ta, ba a fili ba. Kan sukurorin Japan ya yi kama da irin mai gicciye da kowa ya sani, amma ma'auninsu daban ne, sukundireban da bai dace ba sai ya zame ya cinye kan. Yawancin sukurorin kuma irin waɗanda ke yanka wa kansu hanya ne a cikin roba. Robar da ta shekara talatin da ɗoriya ta bushe, idan aka tura mata sukuru ya yanka sabuwar hanya sai ta dare. Masu hannu a aikin sukan fara murza shi baya a hankali har su ji ya ɗan faɗa cikin tsohuwar hanyarsa, sannan su ɗaure, su kuma tsaya da zarar ya zauna. Ruwan da kanikawa ke ɗiga wa noti don kada ya kwance yana cin irin wannan roba, bai kamata ya kusance ta ba. Haka wajen cire tsohon fenti: tina mai ƙarfi narkar da bodin take yi, shi ya sa ake jiƙa shi a man birki ko ruwan soda na kwanaki, a bi da tsohon buroshin haƙori, ko da yake man birkin ma yakan ƙara wa wata robar gautsi idan ta daɗe a ciki. A cikin akwatin giya akwai ƙaramar giya ta alminiyam a bakin injin wadda ke cinyewa, garinta ya gauraya da giris ya zama baƙin kwaɓi mai goge haƙoran sauran giyoyi. Sauya ta da ta ƙarfe, da sa boris a gurbin zobban robar da aka saka tun asali, gyara ne da ido ba ya gani amma yana ƙara wa motar shekaru.

A nan masu kishin asali ke ɗaga murya. Suna cewa idan an cire wannan an sauya wancan, me ya rage na 1987? Tambayar tana da nauyi, musamman da aka zo kan kayan lantarki. Sai dai a duba abin da ake cirewa. Na'urar ba da wuta ta wancan zamani wani hannu ne da ke goga a kan faranti mai matakai uku, ragowar wutar kuma a ƙona ta a wani farin dutse da ke yin zafin da zai tashi fatar yatsa. Idan batir ya yi sanyi, ko saƙon rimot ya yanke, hannun yakan maƙale inda yake, mota ta kama gudu ba mai iya tsayar da ita sai bango ko tayar babbar mota. Rimot ɗin kansa a kan zangon megahaz 27 yake, mai 'yan layuka ƙalilan, har sai an ɗaura ƙyalle mai launi a eriya don kowa ya san layin da wani ke kai. Mutum biyu suka haɗu a layi ɗaya, motar wani sai ta bi umarnin wani. Na'urar ba da wuta ta zamani da rimot mai gigahaz 2.4, wanda ya yaɗu tun tsakiyar shekarun 2000, sun kawar da wannan haɗari ba tare da sun taɓa tsalle ko rangajin motar ba. Wanda ya ajiye tsofaffin kayan a leda ya adana su, duk ranar da ya ga dama zai mayar. Ƙa'idar da ta fi dacewa ke nan: duk sauyin da za a iya warwarewa halal ne, amma huda shasi ko yanke bodi don a cusa wani abu ba ya komawa.

Sharaɗin da aka ambata tun farko a kan ƙarfi yake. An zana waɗannan motoci ne a kan injin Mabuchi RS-540 da batir mai ƙwaya shida, bolt 7.2, wanda ƙarfinsa ke raguwa tun daga mintunan farko. Batirin litiyam na yau a rubuce bolt 7.4 ne, bambancin kamar ba komai, amma yana sakin wuta da yawa a lokaci guda kuma ba ya yin sanyi sai dab da ƙarshe. Idan aka haɗa shi da injin zamani marar gawayi, ƙarfin da ke isa ga giya ya ninka abin da aka yi mata lissafi. Blackfoot ce babbar shaida. An gina ta a kan shasin wata ƙaramar motar tsere mai suna Frog, sannan aka ɗaura mata manyan tayoyi. Tun da injinta na asali ma bangon akwatin giyarta yakan buɗa kaɗan idan an matsa mata, haƙora su zame, a ji tana ƙas-ƙas, sandunan da ke juya tayoyin baya kuma su cinye. Mai sa mata injin da ya fi nata zai ga gudu na ɗan lokaci, sannan ya kwashi gutsattsari. Wanda gudu ne muradinsa yana da inda zai je: tun daga T-Maxx da kamfanin Traxxas na Amurka ya fitar a 1999 aka shiga wani zamani daban, kuma manyan motocin rimot na yanzu suna wuce kilomita 80 a awa, su faɗo daga sama su ci gaba da tafiya. Tsohuwar mota ba ta shiga wannan gasa ba, bai kuma kamata a tura ta ba. Batirin litiyam ɗin ma yana da nasa ladabi: caja tasa daban, kada a zuƙe shi ƙarƙaf, kada a bar shi a rana ko cikin mota a rufe, domin idan ya kumbura yana iya kamawa da wuta.

Saura ƙorafi mafi ƙarfi, wato cewa abin da ya karye ba ya da madadi. A da gaskiya ne. Amma Tamiya ta sake buga Lunch Box a 2005, Monster Beetle a 2015, Blackfoot a 2016, Clod Buster kuwa ta dawo tun 2004 da sunan Super Clod Buster, kuma yawancin sassan sababbin suna shiga tsofaffin. Abin da ba a samu ba ana iya buga shi da na'urar da ke ƙera abu daga zanen kwamfuta. Saboda haka masu dabara sukan cire bodin asali da tayoyinsa su adana, su ɗora na sabon bugu a ranar fita. Wani zai ce to me zai hana a sayi sabon bugun kawai a huta? Ga mai son tuƙi zalla wannan shawara ce mai kyau, ta ma fi araha. Sai dai sabon bugu ba kwafi ne cif-cif ba: an gyara wasu sassa, an kuma cire tambarin wasu kamfanoni daga jikin bodi saboda batun lasisi, kamar yadda alamar Chevrolet ta ɓace daga gaban Clod Buster na baya-baya.

Akwai wuri ɗaya da masu ajiya suka yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Kwalin da ba a taɓa buɗewa ba tun 1987, sassansa na nan a ledojinsu, shaida ce ta yadda kamfani ya fitar da abin, kuma irinsa raguwa yake yi kullum, ba a ƙara shi. Wannan a bar shi yadda yake. Amma mafi yawan motocin da ke yawo a gwanjo ba haka suke ba. Sun sha ƙasa tun tuni, bodinsu da ƙarzuwa, an ɗaure wani sashe da waya, an liƙe wani da gam, fentin da yaro ya shafa da buroshi yana ɓarewa. Irin wannan, mai ita ya fara da akwatin giya da tayoyi, ya gwada ta a kan ciyawa ko turɓaya mai laushi inda faɗuwa ba ta da tsada, ya kuma kwance ta ya share yashi kafin ya mayar da ita kanta.