Daƙiƙoƙin da Ke Ceton Inji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan casar shinkafa a Minna lokacin tada inji ya san wannan ƙarar. Mai aiki zai danna koren maɓalli, injin ya fara gurnani, bel na juyawa da nauyi. Sai bayan daƙiƙa bakwai ko takwas a ji "ƙwas!" daga akwatin ƙarfen da ke jikin bango, muryar injin ta sauya, ya kama gudu. Ba wanda ya taɓa komai. Wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce sabulun wanki girma ba ta ƙirga lokaci, ta ba da umarni. Masu gyaran wuta taima suke ce mata.

Injin da ke aiki da layi uku, mai cin bolt 415, in aka sakar masa wuta gaba ɗaya yana tsaye, yakan zuƙi ninki shida ko bakwai na abin da yake ci a guje. Lokacin ne ƙwan fitilar maƙwabta ke dushewa, fiyus ya tsinke. Shi ya sa ake tada shi hawa biyu. A hawan farko, wanda ake kira sita, kowane kwayil bolt 240 kawai yake samu, wutar da yake zuƙa ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku. In ya ɗauki gudu, taima ta saki kwantaktar farko, wato makunnin da ke riƙe da sita, ta ɗan dakata ƙiftawar ido don kada biyun su haɗu su yi tartsatsi, sannan ta kama ta biyu, wato delta.

To yaya take sanin lokaci? Kamar cika tulu ne da siririn famfo. A cikinta akwai kafasita da wuta ke shiga a hankali ta wata matsattsiyar hanya. In ta cika zuwa wani matsayi, sai makunnin ya motsa. Ɗan abin murɗawar da ke fuskarta shi ke faɗaɗa hanyar ko ya matse ta. Tsofaffin samfuri ma da iska suke aiki, tana sulalewa ta ƙaramin rami.

A Jihar Neja akwai madatsar ruwa ta Kainji da ke samar da wuta tun 1968, ga ta Shiroro mai megawat 600 tun 1990, ga kuma ta Zungeru mai 700. Duk da haka mai yin ƙanƙara a unguwar Tunga ko Kpakungu a Minna ya san wuta kan ɗauke ta dawo cikin minti guda. Nan ne taima ta fi amfani. Kwamfireson injin ƙanƙarar da ya tsaya yanzu-yanzu, gas ɗinsa na nan a matse. In aka tilasta masa tashi nan take, sai ya kasa juyawa, ya yi zafi, kwayil ya ƙone. Taima kan hana shi wuta minti uku zuwa biyar har matsin ya daidaita. Akwai kuma mai jinkirta kashewa, irin wadda ke barin babban janareto ya yi ta juyawa ba kaya bayan an kawo wuta, domin ya huce.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi da ita in ta lalace. Aiki ya tsaya, buhuna sun taru, mai gida na faɗa, sai wani ya ce, "Oga, bari kawai mu haɗa shi dairek." Injin zai tashi kuwa, yau da gobe. Bayan 'yan makonni sai ka ga an ɗora shi a Keke Napep, yana warin ƙuna, za a kai wa masu naɗin kwayil, a kashe kuɗin da ya ninka na taima sau da yawa.

Saita ta ma ba da ka ake yi ba. Gwani kan maƙala mita a waya, ya tada injin, ya zuba ido har lambar ta sauko ta tsaya cik. Daƙiƙoƙin da ya ƙirga, su yake murɗawa a fuskar taimar.