Shirin yau: Kafin ka sayi suwic masu goyon juna

Yau maganar tamu da masu sayar da intanet ce a unguwanni, musamman wanda ya fara da kwastoma ɗari, yanzu ga shi suna neman kai dubu, suwic ɗinsa mai kafa 24 ya cika maƙil.

Suwic dai ita ce na'urar da ke rarraba layuka zuwa eriya da rawuta da sabar. To idan ta cika fa? Yawanci sai a sayo wata a jona da kebul ɗaya, gobe a ƙara wata. Kan ka ankara kana da biyar, kowacce da adireshinta da saitinta, kuma ranar da kebul ɗin tsakiya ya mutu, duk na bayansa sun tafi.

Nan ne masu goyon juna suke shigowa, abin da masu sana'ar ke kira stak. Ana haɗa su ta kafofi na musamman su zama kamar na'ura ɗaya: adireshi ɗaya, saiti ɗaya, ɗaya tana shugabanci, wata tana jiran gado. Catalyst 9300 ta Cisco tana ɗaukar har guda 8, da gudun gigabit 480 a tsakaninsu. Ita kuwa 9200L gigabit 80 ne. EX4300 ta Juniper tana kaiwa guda 10.

Ni abu uku nake fara dubawa. Na farko, gudun da ke tsakaninsu da kafofin hawa sama. Idan kana girma, kar ka sayi wadda ba ta da kafofin gigabit 10. Na biyu, wutar da take bayarwa ta kebul, wato PoE. Tsarin 802.3af wat 15.4 ne a kafa, 802.3at wat 30, 802.3bt har 90. Amma ka duba jimillar da suwic ɗin ke iya ɗauka, don kafa 48 ba ta nufin eriya 48 za su ƙoshi. Na uku, ka haɗa su zobe, ta ƙarshe ta dawo kan ta farko. Kebul ɗaya ya tsinke, aiki na tafiya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Stak jiki da yawa ne, ƙwaƙwalwa ɗaya. Ranar sabunta manhaja, galibi sai duka sun kashe sun kunna tare. Kenan kwastomominka duka a duhu, wayarka kuma ta ɗau ƙara. Sannan ba a gauraya kamfanoni. Wani lokacin ma samfuri biyu na kamfani ɗaya ba sa goyon juna.

Shi ya sa shawarata ita ce: stak a ɓangaren da kwastomomi ke shigowa, amma a zuciyar cibiya ka sa suwic biyu masu cin gashin kansu, haɗe da MLAG. Masu MikroTik, RouterOS 7 ta zo da shi a kan CRS3xx. Ɗaya ta kwanta, ɗaya na riƙe da gida.

Kuma don Allah kar duka su sha wuta daga inbata ɗaya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A turo tambayoyi, za mu amsa insha Allah.