1903: Shekarar da Ingila ta manta, mu kuma ba mu tattara labarinta ba

Duk wanda ya buɗe littafin tarihin Birtaniya ya nemi shekarar 1903 zai tarar da ita cike da hayaniyar cikin gida. Sarki Edward na Bakwai ne a kan gado, Arthur Balfour ke riƙe da gwamnati. A shekarar ce majalisa ta yi dokar mota, ta ce kada direba ya wuce mil 20 a awa, kuma dole ya mallaki lasin. A watan Oktoba wata mata, Emmeline Pankhurst, ta kafa ƙungiya a Manchesta don mata su sami ikon jefa ƙuri'a. A Nuwamba jaridar Daily Mirror ta fara fitowa. Sunan Kano ko Sakkwato kuwa, in ma an gan shi, layi ɗaya ne a can ƙasa.

Wannan layi ɗaya shi ne duniyarmu gaba ɗaya.

Ran 3 ga Fabrairu sojojin Kanar Morland suka fasa ganuwar Kano. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato wajen sabon Sarkin Musulmi, Attahiru. Hujjar da Gwamna Lugga ya kafa ita ce Kano ta karɓi Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ministan mulkin mallaka Joseph Chamberlain yana Afirka ta Kudu a wannan lokaci. Mai gida ba ya nan, wakilinsa Lugga a Zungeru ya yi yadda ya ga dama.

Daga nan labarin ya shigo ƙasarmu ta Zamfara. Rundunar Kano na kan hanyar komawa gida lokacin da labarin faɗuwar birni ya riske ta. Alu ya sulale cikin dare, Waziri Ahmadu ya ja ragowar mahaya. A ƙarshen Fabrairu suka yi karo da wata 'yar rundunar Nasara, ba ta kai mutum 50 ba, kusa da Kwatarkwashi. Dawakai suka yi ta kai sukuwa cikin wutar bindiga, Waziri ya faɗi a nan. Laftanar Wallace Wright, jagoran 'yar rundunar, ya sami lambar Victoria Cross, babbar lambar jaruntaka ta Birtaniya. Shi an rubuta sunansa da ranar haihuwarsa. Mahayan da suka kwanta a gindin dutsen Kwatarkwashi, ban da Waziri, wa zai iya lissafa goma daga cikinsu?

Sauran ya zo da sauri. Nasara suka ratsa ta Kaura Namoda suka nufi yamma, ran 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, Sakkwato ta faɗi. Attahiru ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira, talakawa suka yi ta bin sa gari bayan gari, har 27 ga Yuli da aka kashe shi a Burmi.

Akwai wani abu da ya faru a tsakani wanda ni a ganina ya kai yaƙin nauyi. A watan Mayu Sarki Edward ya kai ziyara Faris, aka fara gyara tsakanin Ingila da Faransa. Yarjejeniyar da ta biyo baya a 1904 ta taɓa iyakar da ke tsakaninmu da Nijar. Bagobirin Tsibiri da na Sabon Birni ba a tambaye su ba.

A Kaya, da Maradun, da Bakura, da Talatar Mafara, har yau akwai dattawan da suka ji labarin zuwan Nasara daga bakin kakanninsu: ina aka gudu, wa ya tsaya, me aka ɓoye a rumbu. Malaman tarihi na makarantunmu, ku tura ɗalibanku da wayoyinsu su ɗauko muryoyin nan tun masu su suna raye.