Shin a Ƙayyade wa Ɗan Majalisa Wa'adi? Abin da Kudancin Kano Ya Gani

Duk wanda ya baro Kano ya nufi Zariya, in ya iso Kwanar Dangora cikin ƙasar Kiru, zai tarar hanya ta rabu biyu: ɗaya ta miƙe zuwa Zazzau, ɗaya kuwa ta karkata ta bi ta Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta ratsa ƙasar Doguwa, har ta dangana da Saminaka da Jos. A wannan mararraba ne mutanen mazaɓu biyu na Majalisar Wakilai ta Tarayya suke cuɗanya kullum, wato mazaɓar Kiru da Bebeji da kuma mazaɓar Tudun Wada da Doguwa. Kuma da wuya a sami wani yanki a Arewa wanda abin da ya wakana a cikinsa cikin 'yan shekarun nan ya fi dacewa a auna wata mas'ala da ke tasowa duk lokacin da aka ce za a yi wa tsarin mulki gyara, ita ce ko ya kamata a yanka wa ɗan majalisa iyakar zangon da zai yi, kamar yadda aka yanka wa shugaban ƙasa da gwamna.

Asalin mas'alar yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 137 ya haramta wa wanda aka riga aka zaɓa shugaban ƙasa sau biyu ya sake tsayawa, sashe na 182 kuma ya zartar da irin wannan hukunci a kan gwamna. Amma da aka zo kan sanatoci 109, da wakilai 360, da 'yan majalisun jihohi, sai kundin ya wadatu da faɗin cewa majalisa tana rushewa bayan shekara huɗu, bai ce uffan ba game da sau nawa mutum zai iya komawa. Mutanen ƙasar nan kuwa ƙyamar tazarce ta shiga jininsu tun zamanin Janar Abacha. Sun yi murna ranar 16 ga Mayu 2006 da Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran da zai ba Cif Obasanjo zango na uku, sun kuma ga yadda tazarcen Mamadou Tandja na 2009 a Nijar ya ƙare da juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in talaka ya tambaya: abin da aka haramta wa shugaba, da wace hujja aka halatta wa wakili?

Tambayar tana da nauyi a Kudancin Kano. Alhassan Ado Doguwa ya fara shiga Majalisar Wakilai a 1992, a jamhuriya ta uku wadda soja suka rushe a 1993, ya koma a 2007, kuma tun daga nan shi ke riƙe da kujerar Tudun Wada da Doguwa, har ya zama mai tsawatarwa a majalisa ta takwas, sannan shugaban masu rinjaye daga 2019 zuwa 2023. Kabiru Ibrahim Gaya, wanda ya yi gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993, ya wakilci Kano ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2023, shekara 16 ke nan ba yankewa. A wasu jihohi ma akwai waɗanda suka zarce haka, irin su Ahmad Lawan na Yobe da Nicholas Mutu na Delta, waɗanda suke Majalisar Tarayya tun 1999. Yaron da aka haifa a Riruwai ko a Burji cikin ƙasar Doguwa shekarar da aka rantsar da wakilinsa a 2007, yau ya isa jefa ƙuri'a, alhali bai taɓa sanin wani wakili ba sai shi.

Masu neman a ƙayyade wa'adi suna da hujjoji waɗanda adalci ya wajabta a saurare su da kunnen basira. Suna cewa wanda ke kan kujera ba ya shiga takara a matsayi ɗaya da abokin hamayyarsa, domin shekara da shekaru kasafin tarayya ya yi ta ware naira biliyan 100 don ayyukan mazaɓu, kuma ta hannun ɗan majalisa ake nuna inda za a haƙa rijiyar burtsatse, da inda za a kafa fitila mai aiki da hasken rana, da wanda za a ba babur ko keken ɗinki ko takardar ɗaukar aiki. Da haka dukiyar jama'a take komawa tamkar kyautar mutum ɗaya, wanda ya karɓa kuma ya ɗauka bashi ne a wuyansa wanda sai da ƙuri'a zai biya. In aka jima a haka, shugabannin jam'iyya na gundumomi da daliget duk sun zama yaransa, sai ya kasance ba a iya kayar da shi a cikin gida, a waje kuma sai da ɗimbin kuɗin da saurayi mai ilimi da kishin garinsu ba shi da su. Suna ƙarawa da cewa dokar da aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018, wadda ta rage shekarun shiga Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, fa'idarta kaɗan ce muddin kujerun ba sa sakuwa. Wannan magana gaskiya ce, kuma duk wanda ya zauna da matasan Kiru ko na Bebeji ya san ɗacin da ke cikinta.

Amma duk da haka ina ganin kwatanta ɗan majalisa da gwamna shi ne abin da malaman usulu ke kira ƙiyasi tare da bambanci, wato haɗa abu biyu a hukunci ɗaya alhali illar da ta sa aka yi hukuncin tana ga ɗaya, babu ita ga ɗayan. An ƙayyade wa gwamna wa'adi ne saboda baitulmali yana hannunsa, shi ke naɗawa shi ke tuɓewa, kuma in ya daɗe zai iya tanƙwara kowace hukuma ta koma hidimarsa. Ɗan majalisa kuwa murya ɗaya ce cikin 360, aikinsa yin doka, da tantance kasafi, da bin diddigin masu zartarwa. Matsayinsa a fiƙihu ya fi kusa da babin wakala. Manomin da ya ba wani amanar buhunan masararsa ya kai masa kasuwar Dawanau ya sayar, shi ke da ikon ya ci gaba da aikensa shekara ashirin in ya same shi amini, shi ke da ikon ya sallame shi gobe in ya ga ha'inci; wanda duk ya zo ya ce masa dole ya canja ɗan aike bayan kaka biyu, ko da amini ne, to haƙƙin mai kaya ya tauye. Malamanmu na da, irin su Malam Abdullahi na Gwandu wanda ya rubuta Liya'ul Hukkami a nan Kano domin shiryar da masu riƙe da al'amuran jama'a, himmarsu ta fi karkata ga sharuɗɗan wanda za a ba amana, da wajabcin shawara, da tsayar da adalci, domin a wurinsu zalunci shi ke ɓata shugabanci, ko na shekara ɗaya ne.

Kuma abin da ya faru a wannan yanki ya nuna cewa mai kaya bai rasa ikonsa ɗungurungum ba. A watan Nuwamban 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen mazaɓun nan biyu, aka sake su rana ɗaya, 25 ga Janairu 2020. A Tudun Wada da Doguwa mai kujera ya koma. A Kiru da Bebeji kuwa Abdulmumin Jibrin Kofa, wanda yake majalisa tun 2011, ya sha kaye a hannun Ali Datti Yako. Da 2023 ta zo, mutanen Kiru da Bebeji suka sake shawara suka mai da Kofa a ƙarƙashin jam'iyyar NNPP, kuma a wannan zaɓen ne Kawu Sumaila ya kayar da Sanata Gaya bayan zango huɗu. Ba wata doka ta wa'adi da ta yi wannan aiki, ƙuri'a ce ta yi shi. Hasali ma, in aka dubi ƙasar baki ɗaya, a zaɓuɓɓukan baya-bayan nan fiye da rabin 'yan Majalisar Tarayya ba sa komawa, ta yadda kowace sabuwar majalisa takan cika da baƙi waɗanda sai sun ci rabin zangonsu kafin su iya karanta kasafi su gane inda aka ɓoye ɓarna.

Ƙasashen da suka riga mu gwada wannan magani ma sakamakonsu bai zo bai ɗaya ba. A Amurka, inda aka ƙayyade wa shugaban ƙasa zango biyu tun 1951, jihohi 23 sun yi yunƙurin ƙayyade wa wakilansu na tarayya wa'adi, sai Kotun Ƙoli ta rushe yunƙurin a 1995, da alƙalai 5 a kan 4, bisa hujjar cewa sai an gyara tsarin mulkin ƙasa. Meziko ta hana ɗan majalisa zarcewa tun 1933, ta janye hanin a 2014 saboda an lura wakilin da ya san ba zai koma gaban jama'a ba ya fi tsoron shugaban jam'iyya a kan masu zaɓe, sannan a 2025 ta sake komawa ga hanin. A Filifin kuwa, inda tsarin mulkin 1987 ya yanka wa wakili zango uku a jere, abin da aka yi ta gani shi ne mutum ya cika wa'adinsa ya ɗora matarsa ko ɗansa ko ƙaninsa, bayan zango ɗaya ya dawo ya karɓi abinsa.

Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni tsoro, domin ya yi kama da halinmu. In yau aka ce kowane wakili zango biyu zai yi, wa zai zaɓi magajinsa? A yadda jam'iyyunmu suke, gwamna ne ko ubangidan siyasa zai nuna wanda yake so, a kira shi ɗan takarar masalaha. Wakilin da ya san ba shi da gobe a majalisa zai shafe zangonsa na biyu yana neman yardar wanda zai ba shi kwamishina ko shugabancin wata hukuma, majalisar da aka kafa don ta tsawata wa masu zartarwa kuma ta rasa dattawan da suka san hanya, alhali manyan sakatarori da daraktocin ma'aikatun da za ta bincika sun shekara talatin suna aikin. Ga shi kuma ƙa'idojin majalisun biyu suna fifita tsofaffin 'yan majalisa wajen shugabanci, shi ya sa Barau Jibrin na Kano ta Arewa sai a zangonsa na uku ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa a 2023.

Inda cutar take, a ganina, shi ne hanyoyin da mai kaya zai bi ya sallami wakilinsa an cika su da ƙaya. Ta farko ita ce zaɓen fid da gwani. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince a wajabta wa jam'iyyu 'yar tinƙe, Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a watan Disamba, aka koma aka bar wa jam'iyyu zaɓi tsakanin 'yar tinƙe da daliget da masalaha a Dokar Zaɓe ta 2022. Kuma kowa ya san daliget 'yan ƙalilan sun fi sauƙin saye a kan dubban 'yan jam'iyya. Ta biyu ita ce ranar zaɓe kanta. Mutanen Tudun Wada ba za su manta da tashin hankalin Fabrairun 2023 ba, wanda aka yi asarar rayuka da dukiya a cikinsa, har sai da aka yi zaɓen cike giɓi ranar 15 ga Afrilu. Inda duk tsoro ya hana tsohuwa da mai goyo fitowa layi, maganar zaɓin jama'a ta raunana, ko wane ne ya ci. Ta uku ita ce kiranye. Sashe na 69 ya ba jama'a ikon janye wakilinsu, amma da sharaɗin fiye da rabin masu rajista su sa hannu, a tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Sharaɗi ne mai tsananin da tun 1999 ba a taɓa janye ko mutum ɗaya daga Majalisar Tarayya ba, kuma yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi ya mutu a 2018 da aka tantance kimanin kashi 5 cikin 100 kacal. Abin takaici, ikon da ya gagari jama'a bai gagari majalisa ba: a watan Satumban 2016 ta dakatar da wakilin Kiru da Bebeji, Abdulmumin Jibrin Kofa, na kwana 180 na zama saboda zargin cushe a kasafi da ya yi wa shugabanninta, mazaɓar ta zauna ba mai magana da yawunta har Maris na 2018, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya a Kofa ko a Yako ba.

Sai a tuna kuma cewa sashe na 9 ya ɗora gyaran tsarin mulki a kan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ta tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24, wato waɗanda ake so a yanka wa wa'adi su ne za su riƙe wuƙar. Don haka kirana ga malamai da limamai, da ƙungiyoyin ci gaban gari, da matasan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, shi ne su mai da ƙarfinsu ga abin da ke iya samuwa: su shiga jam'iyyu tun daga gunduma su nace a kan 'yar tinƙe, su nemi a sassauta sharuɗɗan kiranye, su ƙi yarda a ba 'ya'yansu makami ranar zaɓe, su kuma wajabta wa kowane wakili, sabo ne ko tsoho, ya zo gabansu sau ɗaya a shekara ya faɗi dokokin da ya kawo, da kuɗin da aka ware wa mazaɓa a kasafi, da inda aka kashe su.